Zauren Tambaya da Amsa: Na cike fom a 'yar taga, na danna turawa, shiru kamar an shuka dusa

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka taru kusan duk bakinsu ɗaya, wato fom ɗin nan da yake tasowa cikin 'yar taga a tsakiyar shafi, bayansa ya yi duhu, ka zauna ka cike tsaf ka danna ya ƙi tafiya. Na tsinto guda shida, wasu daga masu amfani da waya ne kawai, wasu kuma daga masu koyon haɗa shafukan intanet, kuma da gangan na cakuɗa su wuri ɗaya don ciwon ɗaya ne, kowa dai ta ɓangarensa yake jin zafin. Na ɗan rage tsawon wasu wasiƙun, a yi haƙuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min, yau kwana uku kenan ina ƙoƙarin yin rajista a wani shafi, idan na danna wajen rajistar sai wata ƙaramar taga ta taso a saman shafin, na saka suna na saka imel da lambar waya komai da komai amma idan na danna maɓallin turawa wlh ko motsi baya yi, baya cewa nayi kuskure baya cewa ya tafi, har data na ƙara na ɗauka netwok ne. Wayar ce ta lalace ko ni ce ban iya ba?
Daga wata 'yar uwa

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Wayarki lafiyarta ƙalau, ke ma kin iya. Kuma ba netwok ba ne, da netwok ne da kin ga ɗan da'irar nan yana ta juyi yana juyi daga ƙarshe ya ce ya kasa. Maɓallin da aka danna ko gezau bai yi ba yana nufin saƙon bai ma bar wayarki ba, a cikin burauza aka tare shi tun bai kai bakin ƙofa ba.

Bari in faɗi wani abu tun yanzu domin duk amsoshin da ke ƙasa a kansa suke tafiya. "Ya ƙi tafiya" ba ciwo ɗaya ba ne. Ko dai fom ɗin bai fita daga na'urar mutum ba sam, ko ya fita ya je wajen saba, wato uwar garken da shafin yake zaune a kanta, ta duba ta ce ba ta karɓa, ko kuma ya je an karɓa lafiya lau, tagar ce kawai ba ta dawo ta faɗa ba. Maganin kowanne daban, kuma idan aka bai wa na ukun maganin na farko, wato aka ci gaba da dannawa, a nan ake tafka ɓarna, za ku gani a tambaya ta biyu.

Naki na farko ne. Abin da ya fi yawa shi ne akwai wani gurbi da ba ki cike ba kuma ba kya ganinsa. Yawancin tagogin nan a kan kwamfuta mai faɗin fuska aka tsara su, idan suka zo waya sai su matse, wani gurbi ya nutse can ƙasa, sau da yawa ɗan akwatin nan ne na amincewa da sharuɗɗa ko wanda ake tabbatarwa mutum ne ba na'ura ba. Burauza ba ta barin fom ya fita muddin akwai gurbin dole da yake fayau, kuma a jikin gurbin take liƙa gargaɗin, toh idan gurbin yana inda ido ba ya kaiwa ai gargaɗin ma yana can tare da shi. Ki sauke kibod tukuna don shi kaɗai yana cinye kusan rabin fuskar waya, sannan ki sa yatsa a CIKIN tagar ki ja sama ki ja ƙasa a hankali. Na ce a ciki, ba a duhun bayanta ba, saboda wasu tagogin da kin taɓa duhun nan sai su rufe su tafi da duk abin da kika rubuta, ki dawo ki fara daga farko kina tsaki. Idan tagar ta ƙi jawuwa, ki danna ɗige ukun nan na saman Chrome ki zaɓi "Desktop site", rubutun zai ƙanƙance amma za ki ga tagar gaba ɗayanta.

Idan ba wannan ba ne, tambayata ita ce da me kika buɗe shafin? Mutane da yawa daga cikin Facebook ko Instagram suke danna mahaɗi, shafin ya buɗe a cikin manhajar kanta, su ɗauka Chrome ne alhali wata 'yar ƙwarya-ƙwaryar burauza ce da aka cusa a ciki, kuma ta yi ƙaurin suna wajen rikita tagogi da shiga asusu. Akwai ɗige uku a samanta, ki zaɓi buɗewa a burauzar waya. Haka Opera Mini idan an sa ta a tsananin tsimin data, wanda suke kira "Extreme", ba wayarki ce take buɗe shafin ba, kwamfutocin kamfanin Opera ne suke buɗewa su matse shi su aiko miki, shi ya sa take da sauri wajen karanta labarai, amma 'yar taga mai fom kusan duk da JavaScript, wato yaren kod da yake sa shafi ya motsa idan an danna, take aiki, shi kuma a wannan yanayin rabi da rabi yake gudana. Ina son Opera Mini wlh, amma ba ta cike fom ba ce.

Sauran ƙanana ne. Idan kin kunna fassarar Google a shafin ki kashe ta ki sake lodi, domin fassarar tana sauya rubutun cikin shafi, wasu shafukan kuma musamman waɗanda aka gina da React, wani kayan aikin haɗa shafuka, suna rikicewa idan aka taɓa musu rubutu ta bayan fage. Ki duba ƙarshen imel ɗinki ko kibod ya ƙara miki fili ɗaya bayan kalmar ƙarshe, yana yi sosai. Idan duk an yi bai tafi ba ki gwada a "Incognito", wato shafin sirri na burauza, in ya tafi a can to tsofaffin kukis ne, wato ƙananan bayanan da shafuka suke ajiyewa a burauza, ko wata manhajar toshe talla take riƙe shi. In a can ma ya ƙi, a wata wayar ma ya ƙi, ki daina wahalar da kanki, laifin masu shafin ne, ki ɗauki sikirinshot ki tura musu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni matsalata wajen biya ce, na zaɓi kaya a wani shafin saye da sayarwa na danna biya akace taga zata buɗe in saka bayanan kati bata buɗe ba, na danna kamar sau huɗu can sai ta buɗe na saka komai harda lambar da banki ya turo min, sai tagar tayi fari fat tana ta juyi, na jira na gaji na rufe na sake daga farko. Yanzu an cire min kuɗi sau biyu kuma shafin yana cewa ban biya ba. Ya zanyi?
Daga wani mai karatu

AMSA: Subhanallah, sannu ɗan uwa. Matsala biyu ka haɗu da su a zama ɗaya, ta farkon mai sauƙi ce, ta biyun ce ta ci maka kuɗi.

Abin da muke kira 'yar taga iri biyu ne kuma mutane suna haɗa su. Akwai wadda zane ce kawai a cikin shafin da kake kai, kamar takarda aka ɗora a kan takarda, irin ta 'yar uwarmu ta sama. Akwai kuma taga ta gaske wadda burauza take buɗewa daban da adireshinta a samanta, ita ce ake yawan amfani da ita wajen biya da wajen shiga da asusun Google. Wannan ta biyun ce burauza take toshewa, kuma tana da dalili, duk wanda ya yi amfani da intanet a farkon shekarun 2000 ya san yadda tallace-tallace suke faɗo wa mutum goma-goma ka rufe ɗaya biyu su fito. Ƙa'idar da aka tsaya a kai ita ce taga za ta buɗe ne kawai idan mutum ne ya danna da hannunsa yanzu-yanzu, izinin kuma 'yan sakanni yake yi ya mutu. To idan shafin ya tsaya tambayar uwar garke wani abu kafin ya buɗe tagar, netwok kuma ya yi nauyi, kafin amsa ta dawo izinin ya ƙare, sai burauza ta ɗauka talla ce ta danne ta. Shi ya sa a karo na huɗu ta buɗe maka, lokacin ne amsar ta dawo da wuri. A Chrome ka shiga "Site settings" ka nemi "Pop-ups and redirects" ka ba wa wannan shafin kaɗai izini, kar ka buɗe wa kowa da kowa. A iPhone kuma cikin saitin Safari akwai "Block Pop-ups".

Yanzu farar tagar. A wajen biya ba ku biyu ba ne kai da mai kaya, akwai kamfanin da yake karɓar kuɗi a madadinsa, akwai bankinka. Daga lokacin da ka saka lambar da banki ya turo aka amince da ita, banki ya gama nasa, kuɗi sun tashi. Abin da ya rage saƙo ne zai dawo daga banki zuwa mai karɓa zuwa shafin ya ce an biya, wannan saƙon dawowar ne ya maƙale a hanya, kai kuma kana kallon fari kana cewa bai tafi ba. Ya tafi ɗan uwa, tun tuni. Doka ɗaya nake ba kowa a nan, da zarar ka saka lambar banki hannunka ya bar maɓalli, kar ka rufe kar ka yi rifresh kar ka koma baya, in ta daɗe ka buɗe manhajar bankinka ka duba ko an cire kafin ka ko tunanin sakewa. Saƙon tes na banki yakan makara, kar ka dogara da shi.

Abin yi yanzu, ka fito da lambar shaidar cinikin guda biyun daga tarihin asusunka da ranar da lokacin, ka tura wa masu shafin a rubuce ka ce su tabbatar da ɗaya su mayar da ɗaya, in sun yi maka shiru ka shigar da ƙorafi a bankinka da waɗannan lambobin. Kar ka biya na uku don Allah.

Tunda muna kan maganar, akwai 'yan damfara da suke zana taga ta ƙarya a cikin shafi, har da adireshin bogi da ɗan kwaɗon nan a samanta, ta yi kama da ta Google sak. Idan kana kan kwamfuta ka kama kanta da linzami ka ja ta zuwa wajen burauzar. Ta gaske za ta fita, ta ƙarya a bakin shafin take tsayawa domin zane ce.

TAMBAYA: Salam Yaya, ni ɗalibi ne ina koyon haɗa shafi da kaina, nayi amfani da Bootstrap 5 na haɗa modal mai fom a ciki na ƙara sunan ɗalibai, na kwafo samfurin daga shafinsu na saka fom ɗina a tsakiya, komai yayi kyau amma maɓallin Save baya komai, idan kuma na fito da fom ɗin na ajiye a shafi kawai da maɓallinsa yana aiki lafiya. Na kwana biyu a kai kaina har ciwo yake.
Daga wani ƙaninku

AMSA: Ƙanena sha ruwa ka huta, ban ga kod ɗinka ba amma kusan zan iya rantsuwa na san inda gizo yake saƙa, don duk wanda ya taɓa haɗa modal, wato 'yar tagar nan ta cikin shafi, da Bootstrap, tarin shiryayyun kayan tsara shafi, ya faɗa ramin nan, ni ma na faɗa, har na zargi kwamfutata.

Samfurin nasu kashi uku ne, modal-header da modal-body da modal-footer. Kai ka buɗe fom ɗinka a cikin modal-body ka rufe shi a nan, maɓallin kuma yana zaune a modal-footer, wato a WAJEN fom ɗin. A ido suna tare cikin akwati ɗaya, amma a wajen burauza ba su san juna ba, maɓalli yana tura fom ɗin da yake cikinsa ne kawai. Ƙari a kan haka maɓallin "Save changes" na samfurin an rubuta masa type="button", shi kuma irin wannan ko a tsakiyar fom ka ajiye shi ba ya tura komai, jira yake ka haɗa masa aiki da JavaScript. Kaga cuta biyu a maɓalli ɗaya. Ka mayar da shi type="submit", sannan ko dai ka faɗaɗa fom ɗin ya rungumi jiki da ƙafar modal ɗin gaba ɗaya, ko ka ba fom ɗin id, misali id="fomDalibi", ka rubuta wa maɓallin form="fomDalibi". Wannan na biyun na fi so, ya fi tsafta, kuma maɓallin ko a ina yake a shafin zai gane fom ɗinsa.

In ka gyara wannan bai tafi ba, duba ko modal ɗin gaba ɗayansa yana cikin wani fom ɗin, misali ka zagaye teburin ɗalibai da fom na bincike sannan ka ajiye modal a cikinsa. HTML bai yarda da fom cikin fom ba, kuma ba zai yi maka ihu ba, shiru zai yi ya watsar da na cikin kamar ba ka rubuta ba. Ka kwashe modal ɗin ka kai shi can ƙasan shafi dab da inda body yake rufewa. Wannan ma yana maganin wata cutar, wadda za ka ga duhun bayan ya hau kan tagar kanta komai ya dushe ba abin da yake dannuwa.

Amma abin da nake so ka ɗauka daga nan ya fi waɗannan duka, don abin da ya ci maka kwana biyu aikin minti biyar ne. Ka danna F12 a Chrome ko Firefox, ka buɗe "Console" da "Network", a Chrome ka sa alama a "Preserve log" don kar bayanan su goge idan shafi ya sake lodi, sannan ka danna maɓallin kana kallo. Idan ba wani sabon layi da ya fito a Network, fom bai fita ba, ka koma Console ka karanta jan rubutu. Idan layi ya fito, ka danna shi ka ga lambar da uwar garke ta mayar, 404 adireshin da ka sa a action ne ba daidai ba, 405 ka aika da POST inda GET kawai ake karɓa ko akasin haka, 422 ko 400 bayanan ne ba su yi mata ba, 500 kod ɗinka na can baya ne ya faɗi, 200 kuwa ya je lafiya, kai ne ba ka rubuta abin da zai rufe tagar ya ce an gama ba. Kullum ka fara da wannan kafin ka taɓa ko layi ɗaya, in ba haka ba gyaran gangar Auzinawa za ka yi ta yi, ka ɓata abin da yake lafiya.

Jan rubutu biyu za ka fi cin karo da su. Ɗaya yana cewa "An invalid form control with name='...' is not focusable", ma'anarsa akwai gurbin da ka sa wa required kuma ka ɓoye shi, burauza tana so ta nuna wa mutum inda ya bari ba ta da inda za ta nuna, sai ta tsaya cik. Lura, wannan shi ne ainihin abin da yake iya samun 'yar uwarmu ta farko daga ɗaya gefen. Ɗayan kuma "Form submission canceled because the form is not connected", Chrome ya fara wannan tun fitowa ta 56 a 2017, yana faruwa idan ka sa dannawar ta cire tagar daga shafi kafin fom ya samu fita, masu React da Vue sun san shi sarai. Ka rufe taga bayan amsa ta dawo, ba lokacin dannawa ba, don haka ma ban son ganin data-bs-dismiss a jikin maɓallin turawa, ko da ya yi aiki, yana rufe tagar ya ɓoye wa mutum kuskurensa.

TAMBAYA: Malam ni nawa yana tafiya amma abin dariya, ina da tebur mai layi kamar hamsin kowanne da maɓallin gyara da yake buɗe taga, ko wanne na danna na gyara sai na layin farko ya canza. Kuma sunan da na rubuta wani lokaci yana zuwa fayau a database.
Daga wani mai koyo

AMSA: Hhh wannan kam mai sauƙi ce. Ka sa modal ɗin a cikin madaukin da yake zana layukan, saboda haka ka haifi tagogi hamsin duk da id iri ɗaya, ita kuwa burauza idan aka ce ta nemo id na farkon da ta tarar take kawowa ba ta ƙara duba gaba. Ko ka liƙa wa kowane id lambar layinsa, ko kuma abin da ya fi, taga ɗaya tak a ƙasan shafi, idan aka danna gyara ka zuba mata bayanan wannan layin.

Zuwa fayau kuma, duba ko gurbin yana da name. Masu koyo suna sa id su manta name, alhali da name ake aikawa, gurbin da ba shi da shi ba ya shiga saƙon sam. Haka wanda ka sa wa disabled ba a aika shi, in kana so a gani kar a taɓa amma ya tafi, readonly za ka sa. Kuma kar ka taɓa raɗa wa maɓalli name="submit", yana danne aikin submit na fom ɗin, ranar da ka kira shi ta JavaScript ya ce maka "submit is not a function" ka rasa dalili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, ni ma'aikaciya ce, a wajen aikinmu muna shigar da rahoto ta wata taga a shafin ofis, rahoton yana da tsawo nakan ɗauki lokaci ina rubutawa wani lokaci a kira ni in tashi in dawo, ina danna turawa sai ya rubuta 419 Page Expired komai ya goge. Sau uku kenan, na ukun har kuka nayi.
Daga wata ma'aikaciya

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya, wannan abin da ciwo, na sani. Naki irin na biyu ne, ya je an ƙi karɓa. Lokacin da shafin ya buɗe, uwar garke tana ɓoye wata lambar sirri a cikin fom ɗin, kamar hatimi, idan kika turo sai ta gwada ta da wadda take riƙe da ita don ta tabbatar ke ce kika turo daga shafinta ba wani mugun shafi ne ya turo da sunanki ba. Kariya ce mai kyau. Matsalar ita ce hatimin yana ɗaure da zaman da kika buɗe lokacin shiga, zaman kuma yana mutuwa idan an daɗe ba a taɓa uwar garke ba, kuma rubutu a cikin taga ba taɓa ta ba ne, ke kina ta aiki ita a wajenta kin tafi. Lamba 419 ta shafukan da aka gina da Laravel ce, wani kayan aikin gina shafuka, shi kuma idan ba a canza saitinsa ba minti 120 yake bayarwa, wasu ofisoshin suna rage shi sosai. A shafukan da aka gina da Django, wani kayan aikin irinsa, irin wannan ƙin karɓar da 403 yake fitowa. Sannan agogon ba daga buɗe tagar yake farawa ba, tun daga lokacin ƙarshe da shafin ya yi magana da uwar garke ne, in kin bar shi a buɗe tun safe kika zo da rana kika buɗe taga, wataƙila hatimin ya riga ya mutu tun kafin ki rubuta harafin farko.

Daga yau ki rubuta rahoton a Word ko Notepad, idan kin gama ki yi wa shafin rifresh, ki buɗe tagar sabuwa, ki kwafa ki liƙa ki tura nan take. In akwai akwatin reCAPTCHA, wanda ake tabbatarwa mutum ne ba na'ura ba, ki bar shi sai ƙarshe, amincewarsa minti 2 kawai take yi. Kuma ki gaya wa mai kula da shafin naku cewa fom mai dogon rubutu bai kamata ya zauna a 'yar taga ba tun asali, shafi guda ya cancanta mai ajiye abin da aka rubuta lokaci-lokaci. Ra'ayina kenan kuma na daɗe a kansa, 'yar taga ta tambaya biyu ce ko uku, ba ta rahoto ba.

TAMBAYA: Malam fom ɗina na cikin modal yana aikawa da AJAX ta jQuery, suna da komai suna zuwa amma hoto baya zuwa, na gyara wani abu kuma yanzu ƙananan hotuna suna shiga manya basa shiga, a kwamfutata komai lafiya sai na ɗora a saba.
Daga wani ɗan uwa mai haɗa shafuka

AMSA: Rabin farko ka riga ka warware da kanka, amma bari in faɗa don masu karatu, serialize na jQuery ba ya ɗaukar fayil ko kaɗan, rubutu kawai yake tattarawa. Sai an yi amfani da FormData, a kuma sa processData da contentType su zama false, in ba haka ba jQuery zai yi ƙoƙarin mayar da hoton rubutu. Wanda kuma ba ya amfani da AJAX, wato turawa ba tare da shafi ya sake lodi ba, fom ɗinsa yana buƙatar enctype="multipart/form-data", in babu sunan fayil ɗin kawai zai je ba shi kansa ba.

Rabi na biyu iyaka ce aka sa a uwar garke, kuma ƙofofin sun kai uku. PHP idan ba a taɓa shi ba upload_max_filesize ɗinsa megabait 2 ne, post_max_size kuma 8, in akwai Nginx a gaba, wato manhajar da take fara karɓar saƙo a uwar garke, shi nasa client_max_body_size megabait 1 ne kacal, hoton wayar zamani kuwa guda ɗaya yana wuce waɗannan cikin sauƙi. Ka duba Network kamar yadda na gaya wa ƙaninmu na sama. In ka ga 413, yawanci Nginx ne ya tare tun a waje. In kuwa ka ga 200 amma komai ya zo fayau har da sunan, to ka wuce post_max_size ne, domin PHP idan an wuce wannan iyakar ba hoton kaɗai yake zubarwa ba, duk saƙon yake zubarwa ya bar ka da $_POST wanda ba komai a ciki, kod ɗinka kuma ya ci gaba da gudu kamar ba abin da ya faru. Ka ɗaga ukun tare, post_max_size ya ɗan fi upload_max_filesize, ka sake tayar da PHP da Nginx don saitin ya kama.

Sannan don Allah ka rubuta abin da zai faru idan turawar ta faɗi. Na lura yawancinku ɓangaren success kawai kuke rubutawa ku bar error fayau, to idan 413 ta dawo tagar tana nan tsaye ba ta ce komai ba, mutumin da yake can gefe yana ta dannawa. Layi biyu ne, ka kashe maɓallin da zarar an danna ka rubuta masa "ana turawa", in amsa ta dawo da matsala ka kunna shi ka nuna jan rubutu a saman tagar inda ido zai gani, ka faɗi girman hoton da kake karɓa, kuma ka bar wa mutum abin da ya rubuta a inda yake.